DOKIN ƘARFE: DAGA BAKIN TEKU ZUWA DUWATSUN RANO

Na san da yawanku, musamman 'yan'uwa mata, ci gaban labarin da muka faro kuke jira, to a yi mini afuwa na wannan makon, domin wani abu ne ya tsaya mini a rai, in ban amayar da shi ba alƙalamin ba zai tafi daidai ba.

Ranar wata Lahadi da sassafe ina dawowa daga masallaci ni da babban ɗana, mun zo daidai ƙarƙashin gadar sama ta Ƙofar Nassarawa, sai ga wasu samari su wajen goma sun shararo a kan kekunan tsere, kowa da hular kwano da matsattsun kaya, sun duƙa kamar masu neman allura, suka miƙe titin Zariya. Yaron ya bi su da kallo har suka ɓace, sannan ya ce, "Baba, Tiga fa za su. Ni ma in na gama jarrabawa ina so in bi su." Ban ko tsaya tunani ba na ce masa a'a. Ya yi shiru, ni ma na yi shiru. Abin da bai sani ba shi ne, wannan hanyar da na hana shi, kakansa ya ci abinci a kanta shekara da shekaru, ni kuma ubansa na taɓa satar jiki na bi ta, har na bar mata fatar gwiwata.

Bari mu faro daga sunan. Kalmar keke ba tamu ba ce, daga bakin Yarabawa muka karɓo ta, wato ita ma daga bakin teku ta hauro kamar yadda abin da ake kira da ita ya hauro. Tsofaffinmu suna da nasu sunayen. Kakana har ya bar duniya laulawa yake cewa, wasu kuma su ce basukur, wanda lanƙwasa sunan Turanci ne. Amma keke shi ya yi nasara, har ya haifi 'ya'ya: keken ɗinki, keken rubutu, keken guragu, ga kuma Keke Napep na bayan nan da mu a Kano muke kira A Daidaita Sahu.

Keken da muka sani mai ƙafa biyu daidai wa daida, da kaca mai juya ƙafar baya, wani Bature ne mai suna John Kemp Starley ya fito da shi a garin Coventry na Ingila a 1885. Kafin nan ƙafar gaba doguwa ce ƙwarai, wanda ya faɗo daga kai sai dai a kwashe shi. A 1888 John Dunlop ya kawo taya mai iska, a daidai wannan lokacin kuma kamfanin Raleigh yake kafuwa a Nottingham. Wani abin da ya ba ni mamaki da na lura da shi: a watan Fabrairu na 1903 sojojin Turawa suka ci Kano, a watan Yuli na wannan shekarar kuma aka yi tseren keke na kewaya ƙasar Faransa karo na farko. Wato lokacin da kakanninmu suke jimamin fitar Sarki Alu da abin da ya biyo baya, wasu can suna rigimar wa zai riga wani shiga Faris a kan laulawa.

Abin da ya kawo keke Kano da yawa kuwa jirgin ƙasa ne. Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912, ya haɗa mu da Ikko. Turawa auduga suka sa rai za su kwasa, sai manoman Kano suka ga gyaɗa ta fi riba, suka juya mata. Jirgi ya sauka kudu da gyaɗa da fatu, ya hauro da atamfa da gishiri da kwanon rufi da kekuna a cikin akwatuna. A nan unguwarmu ta shigo cikin labarin, domin a filin Ƙofar Nassarawa ne Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, yake tara gyaɗarsa, ana jera buhuna ana yin dalar nan da har yau ake buga hotonta a littattafan makaranta. Kakana yana cikin masu ɗora buhu a ka su hau dalar. Da kuɗin dako na kaka uku, in ji shi, ya sayi Raleigh baƙi mai gidan kaca, wanda mu muke kira Rali. Ranar da ya shigo da shi gida sai da aka yi guɗa.

Yaran yanzu ba za su gane abin da Rali yake nufi a wancan zamanin ba. Malamin makaranta, malamin haraji, malamin gona, ma'aikacin En'e, duk da shi ake gane su. Mutum ya naɗe ƙafar wando, ya tattare babbar riga ya ɗora a kafaɗa, ya danna ƙararrawa, yara su watse. Saurayin da ya je zance a kan keken kansa, ba na haya ba, to magana ta kusa ƙarewa. Kuma ba haka kawai ake hawa ba, akwai lasin da ake yanka a maƙala lambar a jikin keken, wanda ba shi da ita ko ba shi da fitila da dare, shi da ɗan doka ne. Kamfanin UAC, wanda aka kafa a 1929, shi ne babban dillalin Raleigh, kuma akwai wani tallansu da ya zaga Afirka, na mutum a kan keke yana dariya zaki ya biyo shi ya kasa cim masa. Baba ya ce mutanen ƙauye da yawa sun ɗauka da gaske aka yi. Daga baya aka daina kawo shi a haɗe, aka buɗe wurin harhaɗa kekuna a Zariya, sannan Raleigh ya kafa masana'anta a nan Bompai.

Wannan Ralin na kakana shi mahaifina ya gada da ransa, ya shiga sana'ar koli da shi a shekarun 1960. Ya sayi kaya a Kasuwar Kurmi, allura da zare da madubi da kwalli da turare da ɗankunne, ya ɗaure akwati a kariya, ya fita ta Ƙofar Nassarawa bayan sallar asuba, ya nufi kudu. Wanda bai taɓa barin birni a kan keke ba zai rantse ƙasar Kano shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai, in ka cire Dala da Gwauron Dutse. A mota haka take. Amma ƙafar mai keke ta fi idon mai mota sanin ƙasa. Birnin Kano bai kai mita 500 a saman teku ba, duwatsun Riruwai kuwa da ke can ƙarshen jihar ta kudu sun haura mita 1,000, daga nan ƙasa ta ci gaba da hawa har Jos. Duk wannan bambancin cinyar mutum ce take biyansa.

Ga yadda hanyar take. Daga ƙofa ka bi titin Zariya, ka wuce Dangi da Gyaɗi-Gyaɗi da Unguwa Uku da Na'ibawa, waɗanda a zamanin Baba yawancinsu gonaki ne. Ka wuce Kwanar Dawaki, ka gangara Tamburawa ka haye kogin Challawa. A Karfi sai hanya ta rabu. In ka miƙe, Kura ce da Kadawa, ƙasar shinkafa da tumatir, har Kwanar Ɗangora inda ake karyawa a nufi Tudun Wada da dajin Falgore da Riruwai. In ka karya hagu kuwa, sai Bunkure sai Rano, tafiyar kimanin kilomita 60 daga birni. Tun kafin ka isa Rano za ka fara hango duwatsu, manyan curarrun duwatsu masu santsi, wani a kan wani kamar da hannu aka ɗora su.

Waɗannan duwatsun su ne rabin tarihin Kano, ko da yake ba a cika gaya mana haka a makaranta ba. Rano tana cikin Hausa Bakwai. Dutsen Santolo da ke ƙasar Dawakin Kudu shi ne ya gagari sarakunan Kano har sai zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, ya ci shi da taimakon addu'ar Wangarawa, kamar yadda tsohon littafin tarihin Kano ya kawo. Sarki Alwali, na ƙarshe a sarakunan Haɓe, da jihadi ya fitar da shi daga birni, wannan yankin ya nufa, kuma a Burumburum aka kashe shi. Bayan haka Ningawa suka shafe shekaru suna saukowa daga nasu duwatsun suna kai hari kudancin Kano, Sarki Abdullahi Maje Karofi ya sha fita yaƙi da su. Duk wanda ya rasa mafaka a fili, dutse yake nema. Baba bai yi boko ba, amma duk wannan a bakinsa na fara ji, domin a zauren da ya sauka a kowane gari akwai tsohon da zai ba shi labari bayan an ci tuwo.

Riruwai ita ce iyakar tafiyarsa. A lokacin ana haƙar kuza a can, lebura yana da kuɗi a hannu ranar biya, ɗan koli kuwa inda kuɗi yake nan yake. Kwana biyu yake yi a hanya, wani lokaci uku, kuma sai ya ratsa Falgore. Ya ce ba ɓarawo yake tsoro ba a wancan zamanin, namun daji ne, don haka sai su jira juna a Tudun Wada su zama su biyar ko shida sannan su shiga, ana tafe ana kaɗa ƙararrawa. In hawa ya yi tsanani a sauka a tura. Shi a wurinsa tura keke ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne ka gangara da gudu da kayan mutane a bayanka.

To ni wannan karatun na ƙarshe ban ɗauke shi ba sai da jikina ya gaya mini.

A 1997 ne, shekarar da na gama sakandare, cikin hunturu. Lokacin Baba ya daɗe da barin yawon koli, ya kama ɗan tebur a bakin kasuwa, Rali kuma yana jingine a zaure, ba ya fita sai Juma'a. Ni da wani abokina ɗan unguwarmu muka ƙulla za mu je mu ga dam ɗin Tiga, wanda Gwamna Audu Baƙo ya gina tsakanin 1971 da 1974 a kan kogin Kano, muna ta jin ana cewa ruwan ba a hango ƙarshensa. Mu da ba mu taɓa ganin teku ba, wannan shi ne tekunmu. Shi ya karɓo Phoenix ɗin yayansa, ni kuwa na ce wa Inna za mu je ɗaurin aure Kura, na jira Baba ya fita masallaci na zare Rali.

Har Karfi lafiya lau, sai dai sanyi da ya sa yatsunmu suka ƙage a kan birki, da manyan motoci da in sun wuce iskarsu take neman jefa mu rami. Muka sha koko da ƙosai a Bunkure. Wajen azahar muka shiga Rano, ƙafafu sun fara rawa, muka yi salla muka ci rogo da ƙuli. Wani tsoho mai faci a bakin hanya ya ƙara mana iska, ya kama ƙafar gaban Ralin ya juya, ya matsa birki, ya girgiza kai. Ya ce, "Samari, wannan keken ya girme ku, kuma robar birkinsa ta cinye. In kun kama hanyar Rurum, duk inda kuka ga gangara ku sauka." Muka ce to Baba, mun gode. Muna bayar da baya muka yi dariya.

Tsakanin Rano da Rurum ƙasar ta sauya gaba ɗaya. Hanya ta riƙa hawa tana sauka tana kewaye duwatsu, ga karan dawa an tattara a gonaki, ga shanun Fulani a gindin dutse, ga hazo ya rufe ƙwanƙolin tsaunuka. Ban taɓa ganin wuri mai kyau irin wannan ba, kuma har yau in ina so in kwatanta daji a littafi, can nake komawa a raina. Mun tura a hawa biyu, a na uku muka iso sama muka ga hanya ta miƙe ƙasa kamar an zare igiya. Abokina ya ce wanda ya riga isa ƙasa shi ne namiji. Na saki feda.

Daɗin da na ji a farkon gangarar nan ba zan iya faɗarsa ba. Iska tana kuka a kunnena, rigata ta cika kamar tanti. Sai a tsakiya na hango kwana, da jaki ɗauke da kara yana tsallakawa. Na matse birki, na ji ƙarfe yana gugar ƙarfe, keken bai ko rage ba. Na kauce wa jakin, ƙafar gaba ta faɗa cikin yashi, daga nan ban san abin da ya faru ba sai ganina na yi a kwance cikin ƙaya, gwiwa da gwiwar hannu duk jini. Ban damu da jinin ba. Ralin na duba. Ƙafar gaba ta lanƙwashe kamar tauren gurasa, wayoyi sun tsintsinke, fitilar da kakana ya saya da kuɗin dako ta tarwatse.

Mun ga Tiga dai, amma a bayan wata akori-kura da ta tausaya mana, da la'asar sakaliya. Ruwan yana nan kamar yadda aka faɗa, ba a hango ƙarshensa. Na zauna a bakinsa ina kuka.

Sai washegari muka dawo gida. Na shigo da keken a kafaɗa, na tarar da Baba a zaure, ashe bai runtsa ba. Na durƙusa ina jiran bulala. Ya dubi keken, ya dube ni, ya ce, "A ina?" Na ce bayan Rano, hanyar Rurum. Ya ce, "Gangarar da ke da kwana a ƙasa?" Na ce ita. Ya yi shiru can, sannan ya ɗage ƙafar wandonsa ya nuna mini wani tsohon tabo a ƙwaurinsa wanda na sha gani ban taɓa tambaya ba. Ya ce, "Ni da madubin mutane dozin biyu na faɗi a wurin. Tashi ka je uwarka ta gasa maka ƙafar." Bai ƙara tayar da maganar ba, sai dai kuɗin gyaran daga aljihuna ya fito, wata huɗu ina biya.

A lokacin ma zamanin keke ya riga ya juya baya. Kuɗin Udoji na 1975 ya sa ma'aikata sun koma babur, arzikin man fetur ya sa wanda ya hau keke ake masa kallon wanda bai samu ba. Da tattalin arziki ya karye bayan 1986, sabon Rali ya fi ƙarfin talaka, sai Phoenix na Sin da Hero na Indiya suka cika kasuwa, masana'antar Bompai ta yi ta ja da baya har ta tsaya. Sannan acaɓa ta zo ta cinye titi. A 2001 Ministan Sufuri Ojo Maduekwe ya yi ta kiran 'yan Nijeriya su koma hawa keke, har ya riƙa zuwa ofis a kai, sai wata bas ta ture shi cikin kwata a Abuja, jaridu suka samu abin dariya. Ni ma na yi dariyar a lokacin. Yanzu da na waiwaya, mutumin gaskiya ya faɗa, titin ne ba a yi shi don mai keke ba. An hana acaɓa a Kano a watan Janairu na 2013 bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, amma A Daidaita Sahu ce ta gaje ta. Abin da ya dawo da keke da gaske shi ne janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023. Cikin 'yan watanni na ga magidanta masu furfura, waɗanda suka yi shekara ashirin ba su taka feda ba, suna layi a wurin mai faci. Ina cikinsu.

Mu dai keke abin neman abinci muka ɗauke shi, shi ya sa in muka ga mai hawa don nishaɗi ko don tafiya mai nisa sai mu ce ba shi da aikin yi. Amma akwai su tun da. Olabisi Ajala, wanda Yarabawa har yau suke kiran mai yawan yawo da sunansa, a 1952 ya hau keke daga Chicago zuwa Los Angeles a Amurka, mil 2,280, sanye da babbar riga. A 2023 wani matashi ɗan ƙasar Gini, Mamadou Safayou Barry, da ya rasa kuɗin jirgi, ya hau keke ya nufi Jami'ar Azhar, ya yi tafiyar kusan kilomita 4,000 ta Mali da Burkina Faso da Togo da Benin da Nijar har Chadi, an tsare shi a hanya ba sau ɗaya ba, kafin mutanen kirki su haɗa masa kuɗin jirgi zuwa Alƙahira, jami'ar kuma ta ɗauke shi kyauta. Da na ji labarinsa, alhazan da ne suka faɗo mini a rai, masu bi ta Chadi da Sudan a ƙasa su yi shekaru kafin su dawo. A 2024 kuma Biniam Girmay ɗan Eritiriya, ƙasar da take da duwatsu da bakin teku a haɗe, ya zama baƙar fata ɗan Afirka na farko da ya ci zango a tseren nan na Faransa da aka faro shekarar da aka ci Kano. A wannan shekarar dai 'yar Nijeriya Ese Ukpeseraye ta je gasar Olamfik a Faris, sai da tawagar Jamus ta ara mata keke sannan ta shiga wani tseren. Ƙasar da ta taɓa ƙera Rali a Bompai ke nan.

Ralin namu ba ya nan. A 2002, bayan rasuwar Baba, na rubuta littafina na farko, kuɗin ɗab'i ya gaza, mai injin ya ce ba zai saki ko kwafi ɗaya ba sai na cika. Na tura keken da hannuna na kai shi kasuwa. Wani mai sayar da itace ne ya saya, ina kallo ya ɗaga shi ya jijjiga ya ce ƙarfen da ne. Littafin ya fito, ya yi kasuwa daidai gwargwado, shi ne ma ya sa wasunku suka san sunana. Amma da na samu kuɗi na koma neman mutumin, an ce ya tashi daga wurin. Har yau in na ga baƙin Rali da lodin itace sai na leƙa ƙafar gaba, domin tamu gyararriya ce, ba ta yi daidai da ta baya ba.

Dalilan da suka sa na hana yaron nan suna da ƙarfi. Titin Zariya na yau ba na 1997 ba ne, tirela ba ta san mai keke ba. Falgore kuwa an yi shekarun da ba namun daji ake tsoro a cikinta ba, mutane ake tsoro, ko da yake shi Tiga kawai ya ce, bai ambaci Falgore ba. Uwarsa ma tana bayana. To amma daren jiya na kasa barci, na tuna Baba bai taɓa ba ni izini ba, kuma hanin bai hana ni zuwa ba, abin da ya jawo kawai shi ne na tafi da mataccen birki ba tare da kowa ya duba mini ba.

Da safe na kira shi na ce ya fito da kekensa. Muka tura shi har wurin mai gyara na bakin ƙofa, na sa aka sauya robar birki gaba da baya, aka ɗaure wayoyi, na sayi tif guda da kayan faci. Ya ce, "Baba, ke nan na je?" Na ce sai bayan jarrabawa, kuma ba da waɗancan samarin ba, ni da shi za mu, mu kwana a Rano. Mai gyaran ya dubi tumbina ya dubi keken nawa, ya ce, "Alhaji, in haka ne kawo naka ma in duba, kuma ka fara zagaya Dala da asuba tun yanzu."

Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu koma kan labarinmu daga inda muka tsaya.